Ai-Na-Sani da Ma'aikatan Cikin Duro

A wani gidan haya mai ɗaki takwas da famfo ɗaya, an yi wani mai gyaran fanka da dutsen guga wanda har maƙwabta suka manta sunansa na gaskiya. Ai-Na-Sani ake ce masa, don ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ka ce, "Jiya likita ya ce mini..." zai tare ka da "Ai na sani." Ka ce, "An yi haihuwa a gidan..." ai ya sani. Ranar da aka rugo a gaya masa bayan rigarsa ya kama wuta, sai da ya ce ya sani sannan ya kurma ihu.

Shekara goma sha bakwai suna zaune a ɗakin ƙurya shi da matarsa. A nan 'ya'yansu mata biyu suka girma har suka tafi gidajensu, kuma tsayin kowacce na kowace shekara yana nan a zane da fensir a jikin ƙyaure. A bakin ƙofa akwai bishiyar lemun tsami da matar ta shuka da hannunta a makon da suka tare. Mace ce mai saƙa hulunan jarirai, ba ta da yawan magana. Ba wai maganar ce babu ba, barinta ta ƙarasa ne ba a taɓa yi ba.

Masifar ta faro ne daga wayar wani mutum da ya kawo gyaran fanka. Ya nuna wa Ai-Na-Sani bidiyon yadda ake tara kashin shanu a tanki, a rufe, ya ruɓe, ya ba da gas na girki. Bidiyon minti goma sha biyu ne. Gogan naka ya kalli minti uku ya miƙa wa mai waya wayarsa.

Da yamma ya hau dakalin famfo ya tara mutanen gida.

"Jama'a, daga wata mai zuwa babu mai sake sayen gawayi ko kananzir a gidan nan. Ni zan ba ku wuta. In na gama da ku in kama unguwa, in na gama da unguwa in kama gari. Za ku ga manya suna bin layi a ƙofar nan."

Tela, maƙwabcinsa na jikin bango, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya ce, "Fankata da ka karɓa tun bara fa? Ita ma tana cikin layin?"

"Matsalarka ke nan, ƙaramin tunani. Ana maganar gari kana maganar fanka."

Direba, da ke zaune yana wanke ƙafa, ya ɗago. "Da me za ka yi wutar?"

"Da kashin shanu."

"To, Allah ya sa an sanar da shanun."

Ya samo wani ƙaton baƙin tanki ya girke a bayan banɗaki, ya yi kwana shida yana turo baro daga wurin masu shanu a bakin gari. Amma gaskiya a faɗe ta ko a kan Ai-Na-Sani ne: bayan 'yan makonni gas ya zo. Ya ja tiyo har tsakar gida, ya ɗora murhu a kan tebur, ya ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya tana ci. Kwana uku bai amsa gaisuwar kowa da baki ba, sai dai ya ɗaga yatsa biyu.

A rana ta huɗu aka fara kallon juna. Wani wari ne ya sauka a gidan, irin na ƙwan da ya ruɓe ya fashe. Tela ya ɗora laifin a kan takalman Direba. Direba ya rantse mataccen ɓera ne a ƙarƙashin keken ɗinkin Tela, aka fito da kaya waje kaf, babu ɓera babu dalilinsa. Mai wanki ta shanya kayan mutane fes, ta kwashe su suna ɗoyi, aka dawo mata da su har da baƙar magana. Alluran Tela suka yi tsatsa, bakin murhu ya fara cinyewa. Kyanwar gidan, wadda duka da kora ba su taɓa fitar da ita ba, ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta koma maƙwabta.

"Malam," in ji Tela, hannunsa a hanci, "gas ɗinka ne fa."

"Ai na sani. Ƙamshin ci gaba ke nan. Hancinku ne bai waye ba."

Labari ya kai kunnen Hajiya mai gida. Tsohuwa ce mai jiki, tana zaune a wata unguwa, ba ta zuwa sai da dalili. A hannunta na dama akwai awarwaro shida na azurfa da marigayi mijinta ya saya mata, kuma duk ɗan haya ya san in suka fara ƙara to ranta ya ɓaci. Tun daga zaure aka jiyo su.

"Wa ya mutu a gidana ba a gaya mini ba?"

Ai-Na-Sani ya gyara wuyan riga ya fara bayani a kan makomar makamashi. Hajiya ta bar shi ya kai rabi, ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, ban zo karatu ba. Na ba ka mako uku. Ranar Asabar ta uku zan dawo da hancina. In na ji ko ɗis, kai da tankinka da iyalinka ku nemi wani gidan."

"Ai na sani, Hajiya. Mako uku ma ya yi yawa."

Matarsa ta fito bakin ƙofa. Ta dubi bishiyar lemo, ta dubi ƙyauren ɗaki, tsoro ya kama ta sosai, don ta san mijinta, kuma ta san ba a tuge bishiya mai shekara goma sha bakwai a ɗora a mota. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Washegari ta kira yayarta a waya.

Yaya ta shekara ashirin tana aiki a ɗakin gwaji na ma'aikatar tace ruwan kwata. Ta zo da rana a bayan wata motar ɗaukar kaya, tare da wani tsohon duro da ya sha duniya, duk ya lotse. An cika shi da totuwar masara da gawayi, an jiƙa su da baƙar laka daga wurin aikinta. Ta sa aka sauke shi a tsakar gida, ta dubi mijin ƙanwarta.

"Saurara da kyau. Warin nan wata iska ce da ke biyo gas, haidurojin salfaid sunanta. Ita ke cin ƙarfe, ita ke baƙanta azurfa, in ta taru a rufaffen ɗaki har kisa tana yi. Amma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ita ce abincinsu. Suna cikin lakar nan. Gas zai shiga ta ƙasan duro, ya ratsa totuwa, su cinye warin, ya fito ta sama tas. Abu huɗu ne kawai. A zuba musu kofin ruwa ta wannan ɗan bututun kullum. A ba su iska kaɗan, kaɗan fa, bugu biyu na famfon keke. Kada a buɗe. Kada a wanke. Sannan in ka ga..."

"Ai na sani, Yaya."

"Me ka sani?"

"Ma'aikata ne. Na samu ma'aikata. Su nawa ne?"

"Miliyoyi. Amma in ka ga..."

"Miliyoyi!" Ya juya wajen Tela yana hura hanci. "Ka ji ko? Kai ko mai ɗinka maka maɓalli ba ka da shi."

"Ka tambaye ta ko sun san wa za su yi wa aiki," in ji Tela.

Yaya ta ja numfashi, ta ce wa ƙanwarta, "Ke, zo ki taka mini." Sun daɗe a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa.

Tafiyarta ke da wuya Ai-Na-Sani ya zagaya duron sau biyu yana yamutsa fuska. Ma'aikatansa, miliyoyi guda, a cikin wannan ƙazantar? Hajiya ta zo ta ga wannan lotsattsen abu a ce shi ne aikinsa? Ina! Ya mirgina shi bayan banɗaki, kusa da 'yar rumfar da matarsa ke girki, wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa sai in zai zuba wa tanki kashin shanu. Ya sayo sabon duro shuɗi mai sheƙi, ya rubuta masa da farin fenti: MATATAR GAS TA ƊAYA. Ya samo sabuwar totuwa ya wanke da sabulu sau uku. Daga tsohon duron kwalba ɗaya kawai ya ɗibo ta laka, ya tace ta da ƙyalle, sannan ya ɗora a wuta.

"Baban yara," in ji matarsa, "ai Yaya ta ce..."

"Ai na sani. Amma daga kwata suka fito. Sai an tafasa su, kada su shigo mana da cuta."

Ya juye tafasasshen ruwan a shuɗin duro, ya motsa da sandar da ya ɗebo lakar da ita, ya rufe, ya haɗa tiyo. Daga ranar, kullum da safe sai ya ɗaga murfi ya zura kai ciki.

"Ma'aikata, an tashi lafiya? A dage, a dage!"

Murfin na ɗagawa tsakar gida ke watsewa. Direba ya koma fita ba karyawa. Mai wanki ta kwashe igiyoyinta ta kai gidan ƙawarta. Tela ya fara ɗinki da maƙalin shanya a hanci, yana magana kamar mai mura.

To, Allah da ikonsa, 'yan halittun da suka maƙale a jikin sandar nan ba su sha tafasa ba. Suka lallaɓa, suka hayayyafa, suka kama aiki. A rana ta tara Ai-Na-Sani ya ɗaga murfi ya ga totuwa ta yi ɗigo-ɗigon rawaya. Wannan shi ne abin da Yaya ta yi ta ƙoƙarin faɗa masa: in ka ga rawaya, farar wuta ce, ita ce abin da ke saura bayan sun cinye warin, alamar aiki ya kankama. Shi kuwa gabansa ne ya faɗi.

"Maman yara! Zo ki gani! Sun kamu!"

Ta leƙa, fuskarta ta washe. "Alhamdu lillahi! Ai wannan rawayar..."

"Ai na sani. Shawara ce. Dubi yadda suka yi fatau."

Ya zari hula ya nufi kemis a guje.

"Maganin shawara nake so, mai ƙarfi. Da kafso na kashe cuta."

Mai kemis ya ɗauko biro. "Wa ne ba lafiya?"

"Ma'aikatana."

"Su nawa?"

"Miliyoyi."

Mai kemis ya ajiye biron a hankali. "Shekarunsu nawa?"

"Kwana tara."

"Malam, ko kai ne za a auna?"

"Kai dai ba ni magani, ba hira na zo ba."

Ya dawo da kafso kati uku, ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya ya zazzage a duro. Da bai ga rawayar ta baje ba, ya juye totuwar a ƙasa, ya sa buroshi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta ya dirje ta har ta yi fari, ya mayar. Don kada ma'aikata su yi ƙaranci, ya ƙaro 'yar laka daga kwatar ƙofar gida. Bayan kwana huɗu rawaya ta sake leƙowa, ya sake dirjewa. Sau uku bayin Allah nan suna tasowa, sau uku yana gamawa da su, yana share gumi yana cewa babu mai gida irinsa wajen kula da ma'aikata.

Ana nan, ranar sha bakwai, ya zura kai a duro ya shaƙa, ya sake shaƙa, bai ji komai ba. Ya daka tsalle.

"Ya tafi! Wari ya tafi!"

Abin da bai sani ba, kuma da an fara gaya masa da ya ce ya sani, shi ne iskar nan in ta yi yawa hanci take fara kashewa. Wanda ya fi kowa shaƙarta shi ke fara daina jin ta. Hancin Ai-Na-Sani ne ya ajiye aiki, wari kuwa yana nan daram.

"Wallahi ƙaruwa ya yi," in ji Tela ta cikin maƙalinsa.

"Hassada ce ke yi maka wari. Cire abin nan ka shaƙi ni'ima."

"In na cire, kai za ka riƙe mini iyalina?"

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, ya ci karo da matarsa za ta zagaya bayan banɗaki, kofin ruwa a hannu ɗaya, famfon keke a ɗaya.

"Ina za ki da famfo?"

"Dama ina so in gaya maka, tun kwanaki na..."

"Ai na sani! Iska! Har na manta da iska. Amma wannan ɗan tsurut ɗin me zai yi wa miliyoyi? Bugu biyu ai rowa ce." Ya wuce ta, ya tafi wurin mai faci a bakin titi ya aro ƙaton famfon da ake hura tayar babbar mota.

Ranar Asabar ta zo. Tun da safe ya jera kujeru, ya gayyato rabin layin, har da mai kemis da mai faci. Ya ɗaure murfin shuɗin duro da robar taya, ya ɗura masa kwalbar turare guda don ƙarin armashi, ya ba shi iska bugu ɗari. Ya sa rigarsa ta zuwa taro. Baƙi suka zauna, kowa ya sami abin da ya toshe hanci da shi yana yi kamar gumi yake sharewa. Yaya ma ta zo, ta hangi shuɗin duro da rubutunsa, ta dubi ƙanwarta. Ƙanwar ta ɗan girgiza kai.

Hajiya ta iso, awarwaro na ƙara tun kafin ta zauna. Matar ta kawo mata shayi mai zafi a kofin tangaran, ta karɓa ta kurɓa ta ƙarƙashin mayafi.

"Ɗan nan, ni dai hancina bai ji canji ba. Da ƙwai ne ya ruɓe, yau ƙwai ne ya ruɓe a shagon turare."

"Ai na sani, Hajiya. Wannan tsohon wari ne da ya maƙale a bango. Sabon gas ɗin kuwa, ko jariri ya shaƙa sai ya yi murmushi. Kawo hannunki nan bakin tiyo ki ji sanyinsa."

Yaya ta miƙe. "Hajiya, kada ki..."

"Yaya, don Allah a bar masana su yi aiki."

Hajiya ta miƙa hannun dama. Ya buɗe tiyo, ya shiga jawabi a kan yadda zai haɗa gari duka da bututu ɗaya. Jawabin ya yi tsawo. Yana tsaka da lissafa unguwannin da za su fara amfana, Direba ya nuna da yatsa.

"Hajiya, da can awarwaronki wane launi ne?"

Kowa ya duba. Azurfar da ke ɗaukar ido ta koma ruwan ƙasa, ta ƙasan ma har ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Hajiya ta janye hannu.

"Ƙarancin iska ne!" in ji Ai-Na-Sani. "Ma'aikata sun gaji. Minti ɗaya!"

Ya haye famfon mai faci da ƙafa biyu ya shiga bugu. Duro ya fara kumbura. Mai faci, wanda ya san abin da kumburi ke nufi, ya tashi ba sallama ya yi waje. Tela ya shige ƙarƙashin tebur. Robar taya ta yi wani ɗan kuka, sannan, fam! Murfi ya tashi sama ya sauka a kan rufin kwano yana kaɗawa. Totuwa ta zubo kamar ruwan sama, tare da baƙin ruwa mai turare da ɓawon kafso ja da rawaya. Babu rigar da ta tsira. Wata totuwa ta sauka daidai cikin aljihun mai kemis. Ai-Na-Sani yana tsaye a kan famfo, laka na ɗiga daga gemunsa, hular tasa ba a san inda ta nufa ba.

Dariya ta fara tashi, amma ta mutu da aka ga fuskar Hajiya. Ba rigarta take kallo ba, hannunta take kallo.

"Shekara arba'in da ɗaya," ta ce. "Tun ranar da ya sa mini su ban taɓa cirewa ba, ban taɓa bari sun dushe ba." Ta ɗago. "Gobe. Ba jibi ba. Kada rana ta faɗi kuna gidan nan."

Ai-Na-Sani ya sauko daga kan famfo. Sai a lokacin ya dubi ƙofar ɗakinsu da bishiyar da ke gabanta, kunya da tsoro suka rufe shi.

Matarsa ta ajiye tiren hannunta.

"Baban yara, yau za ka bar ni in kai ƙarshen magana." Ta juya ta durƙusa. "Hajiya, shayin da kika sha, kin ji wani abu a cikinsa?"

"Shayi ne kawai. Me ya kawo maganar shayi?"

"Don Allah ki taso ki ga inda aka dafa shi."

Yaya ta riga ta kashe tiyon shuɗin duro. Aka ɗunguma bayan banɗaki, Tela ma ya fito daga ƙarƙashin tebur ya bi sahu. A 'yar rumfar girki, ga buta a kan murhu, wuta shuɗiya tana ci lafiya lau. Daga murhun tiyo ya tafi zuwa tsohon lotsattsen duron nan, daga duron wani ya tafi tanki. Tela ya cire maƙalinsa a hankali, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Jama'a, nan ne kaɗai wurin da ba ya wari a gidan nan. Bayan banɗaki!"

"Ranar da ya yar da duron nan na yanki tiyo na raba biyu, yadda Yaya ta kwatanta mini," in ji matar. "Kofin ruwa da safe, bugu biyu na famfo, shi ke nan. Ban buɗe ba, ban wanke ba. Kwana goma sha biyu ke nan a kansa nake girki."

Yaya ta kwance ɗan murfin da ke gindin duron, ruwa ya tsiyayo da gari-garin rawaya. Ai-Na-Sani ya dafe kai.

"Wayyo, su ma sun kamu!" Ya cusa hannu a aljihu ya zaro wani sabon katin kafso.

Yaya ta cafke wuyan hannunsa. "Mene ne wannan?"

"Maganin shawara."

"Shawarar wa? Wannan farar wuta ce, warin ne da suka cinye! Kana nufin naka ma sun yi rawaya?"

"Sau uku. Amma duk na yi musu magani."

Yaya ta nemi bokiti ta kife ta zauna. Mai kemis ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Matar ba ta tsaya dariya ba. Ta je ta tsinko lemo biyu a bishiyarta, ta ɗebo toka mai laushi, ta zauna a gaban Hajiya. "Ba sai kin cire su ba, kawo hannun." Ta matsa lemo a toka, ta sa gefen zanenta tana murzawa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Baƙin ya rinƙa fita yana komawa jikin zane. Da ta gama na shida ta ɗauraye su, azurfa ta dawo tana ɗaukar ido. Hajiya ta juya hannu a rana, ta share ƙwalla da bakin mayafi.

"Kashe wutar nan, ki ba ni bakin tiyonki," ta ce.

Ta kara awarwaronta a bakin tiyon tsohon duro, ta riƙe. Kowa ya zuba ido. Ta riƙe har hannunta ya gaji, ta duba. Fari tas.

"To," in ji Hajiya. "Ke kin zauna. Wannan mummunan duron ya zauna. Lemo ya zauna. Wancan shuɗin a fitar mini da shi yau. Shi kuma wannan..." Ta dubi Ai-Na-Sani daga sama har ƙasa, awarwaro suka ɗan yi ƙara.

"Hajiya, a bar mini shi," in ji matar. "Na iya da shi. Shekara goma sha bakwai abin da nake yi masa ke nan: in ba shi ruwa, in ba shi iska kaɗan, in ƙyale shi."

Hajiya ta yi dariya har da tari. Ta sa ƙafa ta ja layi a ƙasa, taku uku daga duron. "Daga nan ba ka wucewa. Aikinka baro da kashin shanu. In na ji ka zo kusa da su da sabulu, ko da gaisuwa ce, ranar za ka kwana a titi."

Baƙi suka watse suna kakkaɓe totuwa. Ya rage mutanen gida a ƙofar ɗakin ƙurya, ana miƙa wa Ai-Na-Sani ruwa yana wanke gemu. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Maman yara, kwana goma sha biyu? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Sau biyar ina farawa."

Ya buɗe baki. Tela ya ɗaga hannu a yi shiru, Direba ya tsaya da buta a sama, kowa na jiran kalmomin nan uku.

"Wallahi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ban sani ba."

"Ku shaida!" in ji Tela. "Direba, ka ji da kunnenka? Yau nawa ga wata?"

Matar ta shiga ɗaki ta fito da guntun fensir. Ta kama kafaɗun mijinta ta jingina shi da ƙyaure, nan gefen zane-zanen tsayin 'ya'yansu, ta ce ya miƙe sosai. Ta yi ɗage, ta ja layi daidai saman kansa.

"Wannan kuma na mene ne?" ya tambaya.

"Yau ka ɗan ƙara tsawo," ta ce. "Ɗauki baro, ma'aikata na jiran abinci."